A Ware Wa Ɗaliban Tarihi Filin Labaran Duniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata ƙaramar sakandare, kuma na rubuto ne domin in roƙi gidan rediyonku ya ware wa ɗalibai masu shekara 11 zuwa 14 fili sau ɗaya a mako, inda za a ɗauki labari guda daga cikin labaran duniya a bi asalinsa daki-daki. Yaran nan suna sauraren labarai tare da iyayensu safe da yamma, amma abin da ke shiga kunnensu bai wuce sunayen garuruwa da adadin waɗanda suka mutu ba.

Yaƙin Sudan ya ishe mu misali. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 ake gwabzawa tsakanin sojojin ƙasar a ƙarƙashin Janar Abdul Fatah al-Burhan da dakarun rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF na Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, kuma yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan 10 da muhallansu. Yaron da ya ji wannan kawai zai ɗauka cewa janar-janar biyu ne suka wayi gari da gaba, alhali kuwa tare suka hamɓarar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok a watan Oktoban 2021, kafin saɓani kan yadda za a shigar da RSF cikin rundunar soji ya raba su. Ita kanta RSF an kafa ta ne a 2013 daga mayaƙan Janjawid, waɗanda gwamnatin Umar al-Bashir ta yi amfani da su wajen murƙushe tawayen da ya ɓarke a yankin Darfur na yammacin Sudan a 2003.

Idan aka ƙara komawa baya, ɗalibi zai ga cewa Darfur daula ce mai sarkinta, wadda fadarta ke birnin Al-Fashir, har zuwa 1916 lokacin da Turawan Ingila suka kashe Sarki Ali Dinar suka haɗe ƙasarsa da Sudan. Turawan sun tattara ayyukan raya ƙasa a bakin kogin Nilu, kuma samun 'yancin kai a 1956 bai sauya wannan wariya ba. Daga nan ne ƙorafin yankunan da ke nesa da Khartum ya samo asali, har da na kudancin ƙasar da ya ɓalle a 2011.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin nan ya haɗu da darasin da muke koyarwa a aji. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da mabiya zuwa gabas, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da birnin Sennar a ƙasar Sudan. Ga kuma maniyyatan da suka riƙa ratsa Darfur a ƙafa, da dama daga cikinsu suka zauna suna aiki a gonakin auduga na Jazira. Jikokin waɗannan mutane suna cikin waɗanda yaƙin yau ya shafa, kuma ina ganin bai dace yaronmu ya haddace shekarar Burmi domin jarrabawa, ya kasa danganta ta da abin da ya ji a rediyo da safe ba.

Makaranta ita kaɗai ba za ta iya wannan aiki ba, domin an kwashe shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantun Najeriya kafin a dawo da shi, kuma har yanzu malamansa da littattafansa sun yi ƙaranci. Minti 15 a ƙarshen mako sun isa, muddin za a gayyato masanin tarihi ya yi bayani da Hausa mai sauƙi, a kawo hujjar kowane ɓangare ba tare da kwatanta kisa dalla-dalla ba, a kuma sanya taswirar yankin a shafinku na Facebook. Tambayoyin ɗalibai kuwa, mu malamai za mu tattara mu aiko muku kafin ranar shirin.

Na gode.

Malamin tarihi, daga Gusau