Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Kan Badala Da Unguwannin Cikin Gari

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan badala, wato ganuwar birnin Kano, wadda ke ƙarewa a kan idonmu.

Ranka ya daɗe, kai Bakano ne, ka san idan aka haɗu da mutum a garin nan ba a tsayawa kan sunansa. Sai an tambaye shi ɗan wace unguwa ne, ɗan gidan wa. Idan ya ce Yakasai ko Soron Ɗinki ko Madabo, an riga an san malaman da suka karantar da shi da sana'ar kakanninsa. Agadasawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi kuwa shaida ne cewa baƙi sun sauka cikin ganuwar nan, ta rungume su har jikokinsu suka zama 'yan gari. Shi ya sa wanda ya yi gini a Rijiyar Zaki ko Hotoro, ko ya shekara talatin a can, ranar Sallah zai ce wa iyalinsa su shirya a tafi gida. Nufinsa wani lungu da mota ba ta shiga, da zauren da kakansa ya zauna.

Abin da ya tattara waɗannan unguwanni shi ne ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. To me za mu nuna musu? An yanka filaye a jikinta, an kafa shaguna, an ɗebi ƙasarta an yi bulo, wani wurin ya zama juji. Ƙofar Na'isa ma rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake wata da siminti. Wallahi abin da ciwo, yaro ya tashi a Gwale bai taɓa hawa badala ya hango Dala da Goron Dutse ba.

Kududdufai ma haka. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina birnin, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Da aka cike su aka sayar, ruwan ya koma cikin gidajen talakawa. Katangar ƙasa ta jiƙe ta zube, magada su rasa kuɗin gyara, su sayar wa ɗan kasuwa ya yi sito, zuri'a guda ta watse bayan gari.

Gwamnatinka ta fara da rusau a 2023 don ƙwato filayen jama'a. Amma rusau ba ya tayar da ganuwa. Roƙona shi ne a auna abin da ya rage, a shata masa iyaka da doka, yadda babu gwamnan da zai sake rabar da shi. A nemo maginan gargajiya, waɗanda suka san tubali da azara da makuba, tun suna raye, a biya su su yi yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, matasan kowace ƙofa suna koyo a hannunsu. Kududdufan da suka tsira kuma a hana cike su, a fara tun kafin daminar bana.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan cikin badala