Kan bawul ɗin kashe ruwa da mutane ke rainawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan bawul, wato makullin da ake datse ruwa da shi a jikin bututu, don wallahi mutane da yawa sai ranar da fayif ya fashe cikin dare sannan suke fara neman inda yake. Ni ma ta faru da ni, na je juya nawa ashe tsatsa ta cinye shi, ko motsi.

Mai ƙwallo a ciki shi na fi so a gida, kwata ɗaya za ka juya hannun ya rufe, in hannun ya bi tsawon bututu a buɗe yake, in ya gitta a rufe, amma kar a fizge shi da ƙarfi don ruwan na iya dukan bututun har jointi ya saki. Mai kan sitiyari kuwa, wanda ake ta murɗawa, ba a barinsa rabi da rabi, cinye shi ruwa yake yi a hankali.

Masu masana'anta su duba rubutun jikinsa, PN16 na nufin yana jure matsin da ya kai bar 16 (bar ma'aunin matsi ne), kuma na roba ba na tururi ba ne sam. A riƙa ɗan juya su lokaci-lokaci kar su kafe.

Naku, mai karanta jaridarku kullum.