Shawara ga masu karanta jerin ƙagaggun labaran kimiyya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin ɗaliban Jami'ar André Salifou da sauran matasan Damagaram da suka fara sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda ke zuwa littafi bayan littafi. Galibin masu ajiye su a rabi ba wuyar labarin ke kayar da su ba, ta ƙofar baya suka shiga.

A ɗauki Fondation na Isaac Asimov, tunda da Faransanci ya fi zuwa hannunmu. Littattafai 7 ne. Na farko ya fito a 1951, Fondation et Empire a 1952, sai Seconde Fondation a 1953. A lura da tarkon: wanda sunansa ke cewa "na biyu" shi ne na uku. Mai saye a wurin 'yan gwanjon littattafai yakan ga sunan, ya ɗauka ya samu ci gaban na farko, ya tsallake littafi guda bai sani ba. Akwai kuma Prélude à Fondation na 1988. A cikin labari shi ne farko, amma an rubuta shi ne don wanda ya riga ya karanta sauran, saboda haka yana kwance kullin da marubucin ya yi shekaru yana ɗaurewa. A ganina, a bi shekarar fitowa ta asali. Tana nan a bayan shafin take, da ƙananan baƙaƙe. Ita za a duba kafin a yi ciniki.

Dune na Frank Herbert ya fi buƙatar haƙuri. Shida ya rubuta da hannunsa, daga 1965 zuwa 1985. Sauran da ke ɗauke da sunan, ɗansa Brian ne da Kevin J. Anderson, a bar su sai daga baya. Wasu bugu na Faransanci sun raba littafin farko gida biyu, don haka mai lamba 2 a bango yana iya zama rabin na farko ne kawai. Na biyu na gaskiya shi ne Le Messie de Dune na 1969. A littafin farko, shafi ɗarin farko cike yake da baƙin kalmomi, amma akwai ƙamus a ƙarshen littafin: a sa tsinke a wurin, a riƙa leƙawa. Mu ma da sauƙi a gare mu, don wanda ya yi makarantar allo ba sai an fassara masa Mahdi ko jihadi ba, kuma wanda ya san jiran ɗan ga-ruwa a bazara zai gane mutanen da ke sa rigar da ke tace zufarsu su sake sha. Na huɗu yana tsallake shekara 3,500, kusan duk waɗanda aka saba da su sun shuɗe. Wanda ya huta a na uku bai yi asara ba.

Wanda bai taɓa shiga wannan fage ba kuwa, ya soma da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969. Da Hausa yake, gajere ne, ana gama shi a zama biyu.

Wassalam.

Mai bibiyarku,
daga unguwar Birni, Damagaram