Wasiƙa daga Lauyan Yoyo

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Ya amarya, ko har yanzu ba ta gano halinka ba? Na san laifina ya kai a tsire ni, wata takwas ko uffan. Saƙonka na babbar sallah yana nan ban amsa ba, kullum in na gan shi sai kunya ta kama ni. Tambayarka ta yaushe zan zo gida kuma, bar ta sai wani jiƙon.

Albishirinka! Shari'ar nan da ta hana ni barci shekara biyu ta ƙare ranar Alhamis. An yi sulhu, za a biya mutanena kuɗin gyaran gidajensu da ke yoyo. Na san abin da za ka ce: mutumin da ya gudu daga rigimar filaye a Kano ya tsallaka teku ya zama lauyan yoyo. To, na karɓi sunan.

A nan Florida mutum kan sayi gidansa a cikin bene, amma rufi da bango da matakala na kowa ne. Sai masu gidajen su zama ƙungiya, da kwamiti, da kuɗin wata-wata. Ƙungiyar ce ke ɗaukata, ita ke kai ƙara da sunan kowa. Waɗanda na tsaya wa yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho, sun tattara abin da suka tara suka sayi wurin da za su ƙarasa rayuwa. Daga waje gini fes, kamar amarya. Da injiniyanmu ya yanke filasta a gindin taga, wallahi da yatsa na tsokale katakon ya zube kamar dambu. Ba a sa abin da ke tare ruwa a bakin tagogi ba, ga ruwan Florida kuwa, daga Mayu zuwa Oktoba ba sauƙi. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana tambaya ko yau za ta iya kwana a ɗakinta. Muryarta sak ta Gwaggo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokaci. Da shekara 10 ake ba mutum ya kai ƙara kan ɓoyayyen aibin gini. A watan Afrilun 2023 aka mayar da ita 7, waɗanda sabuwar dokar ta rutsa da su kuma aka ba su zuwa 1 ga Yulin 2024. Ka ga kuwa ruwa ba ya gaggawa, a hankali yake cin katako. Sannan a shekarun farko wanda ya yi ginin shi ke riƙe da kwamitin, ba ya saki sai an sayar da yawancin gidajen. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wa zai kai kansa ƙara? Kafin mu je kotu ma, ƙungiya mai gidaje sama da 20 dole ta ba waɗanda suka yi ginin sanarwar kwana 120, su zo su duba, su ce za su gyara ko a'a. Da ƙyar muka sha.

Af, wai da gaske ne Sarkin Shayi ya shiga siyasa? Mutumin da ko kuɗin biredi ba ya iya riƙewa! Ka gaya masa bashina na nan, lauya ba ya mantuwa.

Ranar sulhun da ka gani da ka yi dariya. Kowane ɓangare da ɗakinsa, mai shiga tsakani yana ta safa da marwa tun safe har bayan isha'i. Mai gini ya ce laifin ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce mai filasta, mai filasta ya ce mai taga, mai taga kuwa kamfaninsa ya daɗe da rushewa. Masu inshora ne ke da jakar kuɗin, su kuma kamar a cire musu haƙori. Mu ne muka biya injiniyoyi daga aljihun ofis, da mun faɗi da ko sisi ba mu samu.

Amma murnata ba ta cika ba. Bayan an cire rabonmu da kuɗin bincike, abin da ya rage ba zai gama gyaran ba, dole a raba wa tsofaffin nan cikon. Irin wannan lissafin ke tuna mini abin da ya faru a garin Surfside, a nan Florida. Bene mai hawa 12, ya rufta da tsakar daren 24 ga Yunin 2021, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa kankaren ƙarƙashin wurin ninkaya ya lalace, aka yi ta ja-in-ja kan gyaran dala miliyan 15. Daga baya diyya ta haura dala biliyan 1, amma wa ta dawo da shi? A shekarar ne benen Ikoyi a Legas ma ya faɗi, ka tuna yadda muka kwana muna waya.

Shi ya sa hoton gininka da ka turo ya tsaya mini a rai. Rodin da na hango a dakin ɗin nan bai yi mini ba, ya yi siriri. Kada ka biye wa birkilan nan mai cewa "haka muke yi", ka nemo injiniya ya duba kafin ka ɗora hawa na biyu. Na san rowarka, ni zan biya.

Ka ce wa Hajiya yajin ya iso, kilishin kuwa 'yan kwastan sun ƙwace, nama ba ya shigowa Amurka. Ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Ka gaida Auta, ka ce in ya ci jarrabawa wayar tana nan.

Naka,
Lauyan Yoyo