Wasiƙa zuwa ga aminina a Dublin

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Yaya sanyin can? Mu nan damina ta kankama, sai godiya.

Na ga hoton abin wuyan zinariyar da ka ɗauko a gidan tarihi, har ka rubuta a ƙasansa wai "addinin Keltawa". To malam, a nan zan ja da kai.

Sunan ma ba mutanen tsibirin da kake zaune suka raɗa wa kansu ba. Girkawa ne suka fara rubuta "Keltoi" wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna nufin wasu al'ummomi na cikin nahiyar Turai. Marubutan wancan zamani ba su kira mutanen Birtaniya ko Ayalan da sunan ba. Sai a 1707 wani masani ɗan Wales, Edward Lhuyd, ya nuna harsunan Ayalan da Wales da Biritani ta Faransa dangin juna ne, sunan ya bi su. Dangantakar harshe kam ba na musunta. Amma kai ma ka san yadda a Legas ake kiran duk ɗan Arewa Bahaushe, ko da Babarbare ne.

Ko Yuliyas Kaisar, da ya yaƙi ƙasar Gal, wato yankin Faransa ta yau da kewayenta, daga shekarar 58 zuwa 50 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa ya yi mutanenta kashi uku ne, kowa da harshensa da dokokinsa.

Batun addini ya fi ɗaure mini kai. An tono ɗaruruwan sunayen alloli a jikin duwatsu, yawancinsu a wuri ɗaya tak suka bayyana. Sulis tana maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Bath a Ingila, Sekwana tana mafarin kogin Sen a Faransa, kowane gari da abin bautarsa. Ƙalilan ne irin su Epona, mai dawakai, suka yaɗu. Limaman nan da ake kira Duruwid, a Gal da Birtaniya da Ayalan aka ambace su, babu labarinsu a Sifen. Tatsuniyoyin Ayalan kuwa malaman coci ne suka rubuta su, ɗaruruwan shekaru bayan Kiristanci ya kafu.

In ka koma gidan tarihin, duba mini inda aka tono abin wuyan. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.