Godiya ga masu gyaran injin jirgin ruwa da suka koya mini wanke inji a tudu

Zuwa ga maigidan wurin da dukan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, domin abin da kuka yi mini ya wuce gyara. Inji na hannu na saya, irin wanda ake rataya wa kwalekwale a baya, na kawo muku shi yana ɗaukar zafi. Da kun ga dama da kun canja abin da ya lalace, kun karɓi haƙƙinku, kun sallame ni, bayan 'yan watanni in sake dawowa da ciwo iri ɗaya. Amma sai kuka kira ni gaban injin, kuka buɗe mini cikinsa.

Abin da babban bakanikenku ya fara ɗora mini a tafin hannu shi ne robar famfon ruwa, wadda kuke kira imfela. Fikafikanta sun ƙone, wasu ma sun guntule. A nan ya fahimtar da ni cewa wannan inji ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgi ke tafiya a kansa shi yake zuƙa ta 'yan kafofin da ke ƙafarsa, gaban farfela, robar ta tura shi sama ya zagaya kan inji, sannan ya fice tare da hayaƙi. Ruwan nan ne kuma ke sa robar santsi a cikin gidanta. In aka tayar da inji a busasshe, ko da don mai saye ya ji ƙararsa ne kawai, ba a cika minti guda ba robar ta fara cinyewa. Ya ce da alama haka aka yi wa nawa kafin ya zo hannuna. Yaranku ba su tsaya ga saka sabuwa ba, sai da suka bi hanyoyin ruwan suka tsinto guntayen tsohuwar, don in suka maƙale a ciki zafin ba zai tafi ba.

Daga nan aka ja ni wajen famfo, aka ce ni zan wanke cikin injin da hannuna. Aka ba ni wata maƙala mai faifan roba biyu, kamar abin sauraron waƙa da ake sawa a kunne, na rufe kafofin shan ruwa da ita ta kowane gefe, na jona tiyo. Ruwa ake fara saki, sai an ga yana tsattsafowa ta gefen faifan, kana a tayar da inji, giya a firi. Wajen kashewa kuma inji ne farko, ruwa daga baya. Bakaniken ya maimaita mini wannan jeri har sai da ya zauna mini a ka, kuma na gane dalilinsa, domin duk amfanin wankin yana iya komawa ɓarna in aka juya shi.

Ya hana ni taɓa totur. A silo ake barin inji, saboda a tudu farfela ba ta da ruwan da za ta tura, babu nauyin da zai riƙe gudun injin, tiyo kuma ba ya kawo ruwan da zai ishe shi in an murɗa wuta. Ya sa na tsare ido a kan siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan kan inji, wanda shi ne shaidar famfon injin na aiki. In bai fito ba bayan 'yan daƙiƙu, a kashe nan take. Wani lokaci ba famfon ba ne, yashi ne ko laka da zanzaro ya cusa a bakin ramin, sai a zura 'yar igiyar roba mai tauri a buɗe shi. Minti 10 zuwa 15 ake ba shi, don injin ya ɗumama, tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama, ya buɗe, ruwa mai daɗi ya ratsa ko'ina ya fitar da gishiri da yashi. Gishirin teku in ya bushe a ciki daskarewa yake yi, ya matse hanyoyin ruwa, ya riƙa cin ƙarfe a hankali. Mai shiga kogi ko tafki ma bai tsira ba, tunda laka da ciyayi na yin nasu aikin.

Abin da ya ƙara mini ganin girmanku shi ne ba ku ce hanyarku kaɗai ce daidai ba. Kun faɗa mini cewa sababbin injuna da yawa suna zuwa da bakin da ake ɗaura tiyo kai tsaye, kuma a irin na Yamaha inji a kashe ake wanke shi ta nan, don haka kowa ya duba littafin injinsa. Kun nuna mini yadda ake yi da duro ga wanda ba shi da maƙala: ruwa ya haye faffaɗan farantin da ke saman farfela sosai, har ya rufe gidan famfon injin. Kun kuma ja mini kunne kada in kuskura in tayar da shi a rufaffen ɗaki saboda gubar hayaƙinsa, kada in bar yaro ko dabba kusa da farfela, in hali ya yi ma a cire ta. Da muka cire tawa sai ga zaren fatsa ya nannaɗe a sandarta, wanda da ya jima da ya yanka robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Bayan an gama, aka bar injin a tsaye don ruwan da ya rage ya tsiyaye.

Tun daga ranar, duk sanda na fito daga ruwa sai na wanke shi kafin in shiga gida, kuma bai sake ɗaukar zafi ba. Duk mai injin jirgi da ya tambaye ni inda zai kai nasa, wurinku nake tura shi. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku, ya raya yaran da kuke koyarwa.

Naku,
Wani mai kwalekwale da kuka yi wa aiki