Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Sabo, Ibadan, a kan gidan kakarmu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu jikoki da tattaɓa kunnen marigayiya kakarmu, wadda duk wani tsohon Sabo ya san gidanta da gidan mai tuwo, mune muka kawo kuka. Ranka ya daɗe labari ya iso mana cewa wani daga cikin dangi ya karɓi kafin alƙalami a hannun wani ɗan kasuwa, za a rushe zaure a cike rijiya a gina shaguna, har an kawo safiyo ya auna, kuma wallahi ba wanda ya tuntuɓi ɓangaren 'ya'yanta mata, sai a bakin maƙwabta muka ji.

Yaran yanzu Sabo ta 'yan canji da masu tsire suka tashi suka gani, shi yasa zamu ɗan koma baya. Matar nan daga wani ƙauye na ƙasar Kano ta fito lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, mijinta ya rasu, ga goyo ga yarinya tana ja, ta bi fatake ta hau jirgin ƙasa, lokacin ko gadar Jebba ba a gama ba sai an tsallake Kwara ta ruwa. Da ta iso babu ma Sabo, Hausawa a cikin gari suke raɓe a gidajen Yarbawa. Sai 1916 aka ware wa mutanenmu wannan wuri, tana cikin waɗanda suka fara share ciyawa suka kafa bukka, mace ita kaɗai ba miji ba wa ba ƙane.

Da tuwo da miyar kuka ta fara. Masu kawo shanu daga Arewa da masu ɗaure huhun goro su kai tasha, a wurinta suke ci, da yawa bashi, sai an yi ciniki a biya, wasu ma har suka mutu basu biya ba ta yafe. Kwabo kwabo da adashi ta maida bukka ɗakin ƙasa, ta sa aka haƙa rijiyar da layin nan kaf suka sha shekara da shekaru kafin zuwan famfo, kuma har gobe in ruwa ya ɗauke nan ake layi da bokiti. Zauren kuwa da bakinta a gaban shaidu ta ce na almajirai ne da baƙon da dare ya yi masa, ba na gado bane. In ana tarihin Sabo sai kaji ana ta lissafo masu gida da dillalan shanu da na goro, to dan Allah wa ya ciyar da su? Wannan kam an daɗe ana yi wa matan farko rashin adalci.

Ta sake aure anan ta ƙara haihuwa, zuri'a ta bazu, wasu suna Shagamu kan harkar goro, wasu sun koma Fagge, mu kuma muna nan, kuma dukkanmu muna da haƙƙi a gidan.

Ba mu ce kar kowa ya ci gadonsa ba, talauci gaskiya ne mun sani. Roƙonmu Sarki ya sa a dakatar da cinikin nan tukuna, a kira mu duka fada har da na nesa, malamai su zauna su raba abin da yake na gado yadda shari'a ta ce, mata su samu rabonsu, amma a cire zaure da rijiya a rubuta su a matsayin wakafi da hatimin fada. Akwai tsofaffi biyu da suka yi karatun allo a zauren tana raye, a ji ta bakinsu da wuri don jikin ɗaya ya yi nauyi sosai. Lauya ya ce mu tafi kotu, muka ce a'a, muna da uba, sai mun fara zuwa gabansa.

An ce bayan sallah lebura zasu fara cire kwano, shi yasa muke roƙon a duba da gaggawa.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga jikoki da tattaɓa kunnen marigayiya, mazauna Sabo, Shagamu da Kano.